Hannun Mai Makulli a Sabon Fim

Mai Makulli bai taɓa zama ɗan fim ba, kuma in ka kira shi haka sai ya yi maka tsaki. Hannunsa kaɗai ne ya shiga fim. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, lokacin da ake ɗaukar fim ɗin ɓarayin gwal ɗin nan da kowa ya haddace, jarumin ya kasa riƙe 'yar wayar buɗe kwaɗo yadda zai yi kama da ɓarawo. Sai aka zo rumfarsa da ke kwanar kasuwa aka ce ya zo ya ara musu hannu. A lokacin yana matashi, yana ji da kansa, ya je ya buɗe musu kwaɗon ƙofar shagon gwal a gaban kamara yadda ake buɗewa na gaskiya, bai rage komai ba. Aka nuna hannun kusa-kusa, a hankali, yadda ko mai ƙwaƙwalwar kifi zai ɗauka.

Fim ya yi farin jini, kasuwa kuma ta shiga uku. Cikin wata biyu aka buɗe shaguna bakwai ba tare da an fasa ko ƙusa ɗaya ba. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya wayi gari babu kekunan ɗinkinsa uku. Bai ce masa uffan ba, ya dai daina sakin fuska in sun gaisa, daga baya ya bar kasuwar gaba ɗaya. Babu wanda ya tuhumi Mai Makulli, amma shi ya sani, domin ya bi kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya ya ga ƙarzar waya daidai wurin da ya nuna wa duniya. Wannan abu ya zauna masa a rai tsawon shekarun nan, ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba.

To, bara sai ga wani matashin darakta a rumfar, da hular rana da surutu kamar rediyo, wai zai sake yin fim ɗin sabo fil. Ya ce ya sauya jarumai, ya sauya motoci, ya sauya kiɗa, amma hannun nan ba ya sauyuwa, masoya tsohon fim ba za su yafe masa ba. Mai Makulli ya so ya kore shi. Sai ya tuna cewa irin wannan kwaɗon har yau shi ne a rabin ƙofofin kasuwa, kuma in ya ƙi, wani za a nemo ya kwaikwayi tsohon fim tiryan-tiryan. Ya ce ya yarda. Ya ɗauko kwaɗo ya kwashe kayan cikinsa kaf, yadda da an ɗan ja zai buɗe, ya ƙirƙiro wata juya waya ta ƙarya mai kyan gani wadda ba za ta buɗe ko akwatin yara ba.

Da abin ya tsaya nan, da ba a yi wannan labari ba. Ranar ɗauka, sau goma yana yin ta ƙaryar, darakta yana cewa a sake, wai haske bai yi ba, wai inuwar wani ta shigo. A na goma sai kwaɗon da aka kwashe wa ciki ya wargaje. Kafin ka ce me, an ciro wani irinsa sak daga ƙofar ɗakin ajiyar kaya an rataya. Tsoho ya gaji, fitilu sun gasa masa ƙeya, darakta yana ta ihu a kansa. Sai hannun ya yi abin da ya saba shekara hamsin, bai ko nemi shawarar mai shi ba. Kwaɗo ya ce ƙas, ya buɗe. Darakta ya daka tsalle yana cewa wannan ita ce.

Mai Makulli ya roƙe shi, wallahi har da riƙe masa riga, kada ya saka wannan ta ƙarshen. Darakta ya ce, "Baba, kada ka damu, wadda ta fi kyau za mu ɗauka." Tun daga ranar wayarsa ba ta shiga, in ta shiga ba a ɗauka. Wata bakwai ke nan tsohon nan yana kwana yana tashi da tambaya ɗaya: wace aka saka, ta ƙarya ko ta gaskiya?

Ga kuma inda aka yi masa mugun ƙulli: yanar ido ta rufe masa gani. A rumfa babu ruwansa da ido, yatsunsa ke gani, ka ba shi makulli ya shafa sau ɗaya ya yanka maka irinsa. Amma allon sinima a wurinsa hasken fitila ne kawai mai motsi. Don haka ranar da aka fara nuna fim ɗin ya rufe rumfa da wuri, ya sa 'yarsa Auta, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta raka shi nunin ƙarfe huɗu. Ita a zatonta ɗokin yabo ne ya hana shi cin abincin rana. Har guga ta yi masa, tana tsokanarsa a hanya.

"Baba, in aka fara neman hoto da kai, ka dai tuna da mu talakawa."

"Ke dai riƙe ni da kyau, akwai kwata a nan," ya ce.

Zauren ya cika maƙil, fankoki suna juya iska mai zafi, kujerun suna ƙara duk wanda ya motsa. Rabin mutanen sun zo kallo ne, rabi kuma sun zo kama kuskure. Da jarumi ya buɗe baki sai ka ji wani daga baya ya riga shi faɗin maganar tsohon fim, in ba su zo ɗaya ba a yi ta tsaki. Mai Makulli bai ji ko rabin labarin ba. Yana zaune a bakin kujera, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, yana jiran kiɗan da ke nuna ɓarayi sun iso ƙofar shago. Da kiɗan ya zo, zauren ya yi tsit, Auta ta damƙe masa hannu.

"Baba, ga ka nan! Ga hannunka!"

"Babban yatsana na hagu fa, yana ina? A jikin kwaɗon yake ko a sake?"

"Baba, ka ga yadda aka haska shi kuwa? Kai!"

"Yatsan nake tambayar ki, Auta!"

Sai ƙas, kwaɗo ya buɗe, mutane suka ɗau sowa. Ƙarar ba ta gaya masa komai ba, ya san irin wannan daga baya ake ɗora ta. Auta ta ce ita dai ta ga hannu ta ga waya, kafin ta nemo yatsa har an wuce. Ya ji kamar ya fasa ihu. Ya zauna ya haɗiye sauran minti arba'in na harbe-harbe da gudun motoci.

Da aka tashi, rana ba ta faɗi ba tukuna. Mutane suka yi cirko-cirko a farfajiya, wajen mai sayar da lemo, musu ya kaure. Mai Makulli ya ce wa Auta ta kai shi tsakiyarsu, shi da ko taron suna ba ya daɗewa a ciki. Wata mata mai tabarau tana cewa sabon ya fi, domin a tsohon 'yar sandar nan banda kawo fayil babu abin da take yi, yanzu kuwa ita ta gano ɓarayin. Mai gadin sinimar, wanda ya ce ya ga tsohon ya fi sau ɗari, ya ce a bar maganar nan, shugaban ɓarayin da yana da kwarjini, in ya yi shiru ma tsoro yake ba ka, wannan na yanzu kuwa kamar mai tallan turare. Wani direba ya ce shi kiɗan ne ya ɓata masa rai. Wasu mata biyu suka ce su dai an burge su, ko ba komai yanzu ana ganin fuskokin mutane, tsohon kamar a cikin rijiya aka ɗauke shi.

Kowa da inda ya sa gaba, babu mai zancen kwaɗo. Tsoho ya gyara murya.

"To wajen buɗe ƙofar nan fa? Ya kuka gan shi?"

"A'a, wurin ya yi kyau," in ji mai tabarau. "Kamar gaske."

Ya juya wajen muryar direban.

"Sak irin na da," direban ya ce. "Nan kam ba su taɓa komai ba."

Wani magidanci da ke tsotsar lemo ya yi dariya ya ce, "Ni wallahi har na koyi abu. Yau in matata ta ɓatar da makulli ba ni da matsala."

Aka kwashe da dariya. Auta ma ta yi, tana matsa hannun mahaifinta don ya ji yabo. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ga shagunan kasuwa a zuciyarsa layi-layi, na mai magani, na mai takalma, na matar nan da ke sayar da zare da maɓallai tana ciyar da marayu huɗu, kowanne da irin kwaɗon nan a rataye. Ya ce a ransa shi ke nan, ya sake yi, kuma wannan karon da furfura a kansa. Ya nemi Auta ta zaunar da shi a kan dakalin da ke gefen ƙofa.

A nan ne wata murya ta taso daga bayan taron, mai kauri, a fusace.

"Sak irin na da? Wa ya ce sak irin na da? Malam, tuƙi ka sani, ka tsaya a tuƙi!"

Wani bakanike ne, ƙato, da rigar aiki duk baƙin mai, ya kutso yana ture mutane. Ya ce shi wannan ne kallonsa na biyu a yau. Ya shiga nunin tsakar rana, abin ya tsaya masa a rai, ya koma gareji ya kasa aiki, ya dawo ya sake shiga don ya tabbatar ba idonsa ne ya yaudare shi ba.

"Ku bar ni da zancen jarumai da kiɗa," ya ce. "Fim ɗin nan gaba ɗayansa minti ɗaya ne, wajen kwaɗon nan. A tsohon, hannun da aka nuna hannun maigida ne. Ni da kaina daga nan na koya, shekara ashirin ban taɓa neman makullin akwatin kayan aikina ba. Amma wannan? Wannan ai cin mutunci ne!"

Mai Makulli ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Ɗana, me ka gani?"

"Shirme na gani, Baba. An samo wani ya soka waya yana juyawa kamar mai dama koko a kofi. Babban yatsan ma da ya kamata ya yi aikin yana can sama a sake, kamar mai jiran a sa masa zobe."

"A sake ka ce?"

"A sake! Sau biyu na gani."

"Ka tabbata? Ba a jikin kwaɗon yake ba?"

"Haba Baba, ina da irin kwaɗon nan fa. Da na koma gareji na gwada yadda suka yi, waya uku na karya, ko motsi bai yi ba. Wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe makulli ba a rayuwarsa. In ma ya taɓa, to hannun ya mutu, a kai shi ya huta."

Wayyo, daɗi! Wata bakwai rabon da iska ta shiga ƙirjin tsohon nan har ƙasa. Ya ji wani sanyi ya sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa, idanunsa suka kawo ruwa. Zagi ne ake yi masa a bainar jama'a, amma da za a ba shi dama da ya ce a maimaita daga farko. Ya buɗe baki zai sa wa bakaniken albarka, sai Auta ta riga shi. Ita hawayen ta gani, ta ɗauka na baƙin ciki ne, ta cika ta yi fam.

"Kai malam, ka iya bakinka! Ka san da wa kake magana? Hannunsa ne! Na tsohon ma nasa ne, na sabon ma nasa ne!"

Ya ja mayafinta, ina, magana ta riga ta fita. Har mai lemo sai da ya daina buɗe kwalba. Bakaniken ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta.

"Baba, da gaske? Kai ne na tsohon?"

"Ni ne."

"Don Allah ka yafe mini. Bakina ne ba shi da birki." Sai kuma ya girgiza kai. "A'a, to ba laifinka ba ne. Daraktan nan ne ya ɓata maka aiki. Na san su, su ne masu cewa yi kaza don ya yi kyau a hoto."

Ya laluba babban aljihun rigarsa ya zaro kwaɗon, ashe da shi ya zo, da guntuwar waya. Ya miƙo da hannu biyu.

"Baba, rufe mini baki. Nuna musu yadda ake yi, su san sabon nan bai kama ƙafar tsohon ba."

Mutane suka matso. Mai Makulli ba ya ganin fuskoki, amma ya ga ƙananan haske suna tasowa ɗaya bayan ɗaya a kewaye da shi, ya gane wayoyi ne aka ɗaga ana ɗauka. Auta ta raɗa masa, "Yi musu, Baba. Nuna musu."

Ya karɓa. Da kwaɗon ya zauna a tafinsa yatsunsa suka gane shi, har sun san wane gefe ne ya ɗan ci. Numfashi uku ya ishe shi. Kuma kada a yi ƙarya, ya so ya yi. Shekara hamsin yana wannan sana'a, sunansa ke nan, ba shi da gida na biyu ba shi da mota, abin da yake da shi a duniya shi ne a ce babu kwaɗon da ya gagare shi. Babban yatsansa har ya fara sauka da kansa. Ya ɗage shi sama da ƙarfi kamar mai janye yaro daga wuta.

Ya soka wayar ya shiga juyawa irin ta fim. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗan sa hannun rawa. Ya ja kwaɗon, bai buɗe ba. Ya sake, wayar ta lanƙwashe, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Wani ya ce, "Ayya." Hasken wayoyin ya fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

"Tsufa, ɗana," ya ce, yana miƙa wa bakaniken kayansa. "Abin ya tafi. Abin da ka gani a fim, iyakar abin da ya rage ke nan."

Bakaniken ya karɓa jiki a sanyaye. Ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya ce ai an yi zamani, babu wanda zai manta. Mai tabarau ta ce bai kamata 'yan fim su wahalar da dattijo haka ba. Mai gadi ya ce ai shi ya faɗa tun farko, komai na da ya fi. Nan musu ya koma inda ya fito, direba yana kare kiɗan da, matan nan biyu suna kare sabon jarumi, aka manta da tsoho a gefe.

Shi da Auta suka tsallaka titi suka shiga layin masu kayan gini, inda ake ta jan ƙofofin shaguna ana rufewa. Tana riƙe da hannunsa, amma yau shi ke jan ta, tafiya yake kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Har wata 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ta tsaya cak.

"Baba, jiya-jiyan nan a gabana ka buɗe wa matar mai shagon magani irin wannan kwaɗon, kana hira ma ba ka kallo. Me ya sa ka yi mini haka? Gobe duk kasuwa za a ga hoton nan. Cewa fa suke hannunka ya mutu."

A gefensu wani mai shago ya rataya kwaɗonsa ya danna, ya ɗan ja shi sau biyu ya ga ya kama, ya sa makulli a aljihu ya yi tafiyarsa ko waiwaye babu. Mai Makulli ya saurari takun mutumin har ya yi nisa.

"Zan gaya miki a gida, labarin yana da tsawo," ya ce. "Amma tsaya, ke da kike ganin fuskokinsu. Sun yarda kuwa?"

"Sun yarda da me?"

"Cewa ya mutu."

"Kowa ya yarda, Baba. Har bakaniken sai da ya share ido."

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Makulli. "Mu je, yunwa nake ji."